Jakar Yayarsu

Agege, Legas
Ranar Lahadi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya kuma damina a Funtuwa? Ina gaida ƙanwata Laraba mai karanta miki wannan takarda, don Allah ta riƙa bi a hankali, ba kamar ana korarta ba. Tunda kin ce waya tana sa miki ƙara a kunne, ni ma in na kira rabin hirar ihun jikanki Mahbub ne, gara in riƙa rubutowa ina ba Shitu direba in ya sauke tumatir zai koma.

Mun tare a Agege lafiya. Ciki da falo ne, famfo ɗaya a tsakar gida, mu kaɗai ne Hausawa a gidan duk da unguwar tamu ce. Jirgin ƙasa yana wucewa ta bayanmu, Mahbub kullum sai ya ɗaga masa hannu, yana jin haushi wai direban ba ya amsawa. Abbansu yana fita kasuwar Mile 12 daga sallar asuba. Ni kuwa in yi wa uku wanka, in ba su shayi da burodi, in miƙa manyan makaranta, in ajiye Fauziyya wurin wata tsohuwa Bakatsiniya mai raino, sannan in kama danfo, motar hayarsu ta nan, zuwa kemis ɗin da nake aiki a Idi-Araba. Asabar wanki da kitso. Kada ki tausaya mini, Inna, ke kika koya mini aiki, kuma wallahi gidan nan a tafin hannuna yake.

Kin tambaya ko ina saƙa har yanzu. Ai ko abinci zan bari ba zan bar kwarashi ba. A cikin danfo nake yi, in an shiga cunkoson Oshodi kowa na zagin direba, ni ina ƙirga idon saƙa. Har kwandastocin sun san ni, suna bar mini gefen taga don kada gwiwar hannuna ta zunguri mutane. A haka na gama wa yara kayan komawa makaranta. Mahbub jaka shuɗiya da sunansa da farin zare, Fauziyya hula da safa, ita ma da nata sunan a goshi. Jakar yayarsu ta fi ba ni wahala, don zaren da na fi so na ware mata, ja mai duhu, na yi mata aljihu biyu da shafi a ciki. Wurin suna kuwa kin san ba zan sa ba, sai na saƙa mata fure babba. Ta karɓa ta jujjuya, ta duba ta Mahbub, ta ajiye ta a gefe. Halinki ta ɗauko na rashin surutu.

Bari in ba ki dariya. Yarbawan gidan nan da sunan ɗan fari suke kiran mace. Maƙwabciyata Iya Bisola, mai sayar da soyayyar doya a ƙofar gida, tun ranar da muka sauke kaya ta laƙaba mini sunan yayarsu, tana ƙwala shi tun daga bakin famfo. Na yi kamar ban ji ba har ta gaji. Da ta tare ni, sai na ce mata a gaban yara ta riƙa ce mini Maman Mahbub, ita ma ta gaya wa sauran. Ta yi ta kallona kamar na ce mata ba na cin gishiri. To, ina ruwana? Zama a Ikko bai sa na zubar da kunyar 'yar fari ba, kuma na san za ki ji daɗin haka.

A turo mini kuka da daddawa, ta nan duk gari ce. Jikokinki suna gaishe ki.

Taki,
'yarki ta Legas


Agege, Legas
Ranar Lahadi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Kuka da daddawa sun iso, Allah ya saka da alheri. Laraba, wannan karon ki janye Inna gefe kafin ki karanta.

Tun bayan takardata ta farko yayarsu ta canza, ni kuma na ɗauka hankali ne ya zo mata. In na zuba mata abinci sai ta durƙusa ta ce ta gode. Ta daina rigimar wurin kwanciya da Mahbub, ta daina roƙon ƙarin nama, tana gama ci za ta wanke kwanonta ta kife. Har na yi wa Abbansu alfahari da ita. Jakar ce kawai ta ƙi ɗauka, ta rataye ta a ƙusa tana zuba littattafanta a leda. Na ce ƙyale ta, tana tsoron kada ta yi datti.

Jiya Asabar bayan la'asar Shitu ya kawo saƙonki, ya sha ruwa ya tafi. Ina shanya sai ga shi ya dawo riƙe da hannunta, ɗaya hannun nata da leda. Riguna biyu ne a ciki da hijabin Islamiyya da buroshin haƙori. Ashe bin bayansa ta yi har bakin titi, inda 'yan acaɓa ke wucewa kamar ba su da birki, ta ja masa riga ta ce ya taimaka ya kai ta Arewa wurin mamanta ta gaskiya. Shitu ya shigo yana dariya, da ya ga fuskata ya daina.

Da ƙyar na ji tushen maganar. Bisola ce, 'yar maƙwabciyata, da sauran yaran gidan suka zaunar da ita suka yi mata lissafi. Wai kowace uwa da sunan babban ɗanta ake kiranta, ita kuwa Ummanta ta hana a gaban kowa. Wai Abbanta yana kiran sunanta, ni ban taɓa ba, don haka 'yar wata mata ce aka kawo mini riƙo. Shaidarsu ta ƙarshe ita ce kayan da na saƙa, na biyu da suna, nata babu. Yarinyar da ba ta cika takwas ba ta ɗauki wannan ta riƙe a cikinta makonni, tana yi mini godiyar abinci don ta ɗauka baƙuwa ce a ɗakina.

Raina ya ɓaci ƙwarai, Inna, kuma na ji tsoro. Ban dake ta ba, ban kuma je na yi faɗa da Iya Bisola ba, don yaran abin da suka gani suka faɗa. Na ɗauko hoton ranar sunanta na nuna mata, ga ni da lalle ga ta a cinyata, ga ki a gefe. Na ce mata ni na haife ta a asibitin Funtuwa, kakarta shaida ce. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambaye ni, in haka ne, ko na san sunanta. Na ce na sani mana. Ta tsaya tana jira. Bakina ya yi nauyi, na ce ta je ta wanke ƙafa lokacin salla ya yi.

Ta tafi ba musu, kuma da ta ci tuwon dare ta sake durƙusawa ta yi godiya. Ledar tana nan ƙarƙashin gado, na ga ba ta kwance ta ba. Zan san abin da zan yi, ba a taɓa kawo mini abin da ya gagare ni a gidan nan ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
'yarki ta Legas


Agege, Legas
Ranar Juma'a

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ya gida ya jama'a? Na ji saƙonki ta bakin Laraba, cewa in haɗo yayarsu da Shitu ta zauna a wurinki har ta yi wayo ta gane al'ada. Na gode, na san don ki rage mini nauyi kika faɗa. Amma ki yi haƙuri, ba zan turo ta ba. In ta hau motar nan, ta tabbatar da abin da Bisola ta gaya mata, kuma ba wanda zai sake cire shi daga ranta.

Ni ma 'yar fari ce, ba sai an gaya mini yadda abin yake ba. Tunda na tashi "ke" nake a bakinki, ko "waccan". Amma ban taɓa kokwanto ba ko sau ɗaya, domin duk ƙawayena 'yan fari haka ake yi musu, har muna tsokanar juna. Ga Goggo tana ja na ɗakinta tana gaya mini cewa don na fi kowa ne ake jin kunyata. Ga tsokar naman da nake tsinta a ƙasan tuwona, wadda babu a kwanon kowa sai nawa. Gari guda ne yake fassara mini shirunki. A nan kuwa wa zai fassara mata nawa? Abbanta yana kasuwa, ni ina danfo, gidan kuma duk wanda ta duba uwarsa tana kiransa tun safe har ta gaji. Zaren da ya fi tsada na sa mata, ita kuwa suna take nema ba ta gani ba.

To ga abin da na yi. Ranar Litinin na sauke jakar daga ƙusa na tafi da ita aiki. Ban warware furen ba, don ba laifin da ya yi. A ƙarƙashinsa na fara sa haruffa da farin zare, irin na Mahbub amma sun fi girma. Hannuna da ya saba gudu sai ga shi yana kuskure, harafin farko sai da na kwance shi na sake. Wata mata a gefena ta leƙo ta tambaye ni sunan wa nake sawa, na ce na babbar 'yata. Da muka sauka Idi-Araba saura harafi biyu, na ƙarasa a hanyar dawowa.

Jiya da safe suna fita makaranta, ita a gaba da ledarta, tsakar gida cike da masu layin famfo. Na fito da jakar na tsaya a bakin ƙofa. Na buɗe baki na kira ta.

Najiba.

Laraba, kada ki tsallake, ki karanta shi yadda na rubuta. Inna, ba ta juyo ba da farko, sai waige-waige take tana neman mai kiran, don ba ta san shi da muryata ba. Na sake kira, wannan karon har na bakin titi sun ji. Ta juyo ta gan ni, ta ga jakar. Ta tako a hankali ta sa yatsa tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juye littattafan daga leda ta zuba a ciki. Ba ta rungume ni ba, ni ma ban yi ba, jininki ne mu duka. Amma ba ta ce ta gode ba, ta dai ce igiyar ta yi mata tsawo in rage. Ban taɓa jin daɗin ƙorafi irin na jiya ba.

Iya Bisola ta ajiye bokitinta ta ƙwala mini Iya Najiba, na amsa mata. Kunya kam na ji ta har cikin ƙashina, kuma ban mutu ba. Da yamma suka yi dambe da Mahbub a kan wurin zama kusa da ni, na raba su da ƙyar.

Na san ba haka kika rene ni ba. In ranki ya sosu ki yafe mini, amma na yi, kuma gobe ma zan kira ta.

Taki,
Maman Najiba


Agege, Legas
Ranar Asabar

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, ina fatan kina lafiya. Wannan gajera ce, Fauziyya tana haƙori ta hana ni sakat, ga wanki ya taru, Shitu kuma yana tsaye a ƙofa yana jira.

Makonnin nan da ba ki aiko da komai ba, Laraba ma ta ƙi ɗaga waya, na ce shi ke nan Inna ta yi fushi. Na shirya wa fushin, ban dai sauya ra'ayi ba. Najiba tana lafiya, ta koma rigimarta da cin rabon Mahbub, yanzu kuma ta matsa sai na koya mata kwarashi. Na ba ta ragowar jan zaren, tana saƙa wani abu mai kama da igiya, wai hula ce take yi miki.

Ɗazu Shitu ya shigo da ƙullin kuka da kuɓewa busasshiya, da ƙulli na biyu na zaren saƙa. Na tambaye shi ko akwai takarda, ya ce babu. Ya ce ke da kanki kika fito har zaure da sandarki, kika miƙa masa, kika ce ya kai wa Hansai.

Na ce ya sake faɗa. Ya maimaita yana mamaki, don shi bai ga abin tambaya ba. Na ce ko dai Laraba ce ta faɗa, ya rantse daga bakinki ya ji, har ya tsaya tunanin wace ce Hansai kafin ya tuna ni ce. Shekarata talatin da huɗu, Inna. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado na yi kukana, Najiba ta biyo ni tana tambayar wa ya taɓa ni. Na ce mata ba kowa, kirana aka yi daga gida.

Na amsa, Inna. Na'am.

Taki har kullum,
Hansai