Hatimin Sakatare da Rumfar Yaya Wayua

Talata, 9 ga Disamba

Zuwa ga ƙanwata Nthenya,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Kimanthi da yara, kuma aikin asibiti bai cinye ki gaba ɗaya ba. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya nuna mana ranar da za mu sake zama a inuwa ɗaya, amin. Mu nan muna lafiya. Ruwa ya sauka a kan lokaci bana, masarar Mama ta yi kore shar, mangwaron bayan gida ya ɗauki 'ya'ya har sai da aka tokare masa reshe biyu. Gwiwar Mama tana nan yadda kika bar ta: ranar coci ta warke, ranar asibiti ta tashi. Tana shan maganin da kika aiko, ko da yake ta ce ƙwayoyin sun yi ƙanana, ba ta ga yadda za su yi tafiya har gwiwa ba.

An yi hutun makaranta, na kulle ɗakin karatu, kuma da ni mai hankali ce da yanzu ina kwance da littafi a ƙirji. Maimakon haka sati uku ke nan ban iya zama wuri ɗaya ba. Wannan takardar ma sau uku ina fara ta ina tashi. Kin ce kin ji muryar Yaya Wayua ba daidai ba a waya, kin tambaye ta, ta ce mura ce. Ba mura ba ce. Rumfarta ta kasuwa ce, kuma gara ki ji labarin daga bakina tiryan-tiryan kafin wani ya kawo miki rabinsa.

Kin san rumfar, ta farko a hannun dama in an shiga babbar ƙofa, inda ta shekara ashirin da shida tana saƙa rigunan sanyi na 'yan makaranta. Duk uwar da ta sauko daga mota a watan Janairu da yaro a hannu, ƙarar keken saƙar Yaya take fara ji. Da aka rushe tsohuwar kasuwa a watan Maris don a gina sabuwa, sauran 'yan kasuwa suka koma filin ƙwallo suka baza kaya a ƙasa. Keken saƙa ba ya shiri da ruwa ko ƙura, sai Yaya ta kwashe nata ta koma ƙauye wurin Mama. Wato ta bar inda labari ke yawo daga baki zuwa baki. Ba ta damu ba, domin ƙaramar hukuma ta yi mata alkawari a gaban jama'a.

A watan Yuni ne suka yi bikin buɗe sabon shafinsu na intanet. An kafa tanti, an kawo makaɗa, an aika mota ta kwaso makafi da kurame da masu keken guragu, aka jera su a sahun gaba inda masu ɗaukar hoto za su same su da kyau. Aka raba musu hula da lemo. Aka ce daga ranar an daina manna sanarwa a allon ofis, kowa zai sami komai a wayarsa, ba a bar kowa a baya ba. Har ɗan zanen keken guragu suka sa a kusurwar shafin, shuɗi, gwanin kyau, in kin taɓa shi ba abin da yake yi. Yaya ta yi tafi har tafinta ya yi zafi. Kin san yadda take ji da wayar nan mai karanta mata rubutu da murya. Tun da idonta ya tafi tana shekara goma sha bakwai, ana karanta mata wasiƙunta da takardun asibitinta, kowa ya riga ta sanin sirrinta. Wayar ce ta mayar mata da shi.

To kullum da safe, in ta gama shan shayi, sai ta buɗe shafin. Wayar ta ce mata hoto. Ta ja yatsa, ta ce hoto. Ta ɗauka hotunan shugaba ne yana dasa bishiya ko yana miƙa wa wani kofi, tunda abincinsu ke nan. Ashe a cikin hotunan nan akwai sanarwar cewa duk mai tsohuwar rumfa ya sake rajista cikin kwana goma, wanda bai yi ba an ɗauka ya yafe, za a jefa rumfarsa cikin ƙuri'a. Kwana goman suka wuce tana zaune tana jiran sanarwar da ke ƙarƙashin yatsanta. Ba ta sani ba sai da wata mai sayen kayanta ta zo har ƙauye yi mata jaje.

Zuwa da kai ya fi aike, washegari na tafi ofishin. Mai kula da shafin Nzioka ne, wanda na taɓa kora daga ɗakin karatu shekara goma sha biyar da suka wuce saboda ɓare gyaɗa a cikin ƙamus. Yanzu ya yi tumbi, amma da ya gan ni sai da ya miƙe tsaye. Ya nuna mini yadda suke aikin, kuma ki zauna kafin ki karanta. A ɗakin da ke kusa da nasa ake buga sanarwa a kwamfuta. Sai a fitar da ita a takarda, a kai wa Sakataren ƙaramar hukuma ya sa hannu ya buga hatimi. Sai a kawo wa Nzioka, ya shimfiɗa ta a tebur, ya ɗauki hotonta da wayarsa, ya ɗora a shafi. A wasu har babban yatsansa ana gani a gefe. Wato rubutun da na'urar Yaya za ta karanta cikin ƙiftawar ido, su da kansu suke bi da shi ta ɗaki uku su mai da shi abin da ba ya karantuwa. Na tambaye shi me ya hana a sa kalmomin kai tsaye. Ya duba ƙofa tukuna, sannan ya ce ya taɓa yi sau ɗaya, Sakatare ya kira shi ya wanke shi tas, ya ce rubutu kowa ya iya, ko mai tumatir zai iya bugawa, hatimi shi ne gwamnati.

Awa uku na yi a benci kafin Sakataren ya ga dama. Mutum ne mai taushin murya, irin waɗanda ke cutar ki suna kiran ki 'yar'uwa. Ya ce an fitar da sanarwa bisa ƙa'ida, ga hatimi ga kwanan wata. Na ce masa na karanta dokar da yake jingina da ita, kuma ni a ganina sanarwar da mutum ba zai iya karantawa ba, ba a sanar da shi komai ba, an dai yi ado da tawada. Ya yi murmushi ya ce akwai rumfuna biyar da aka ware wa masu buƙata ta musamman, zai ba Yaya ɗaya don tausayi. Na je na duba su. Suna can ƙarshen kasuwa, jikin bayan gida. Da na kai wa Yaya saƙon, ta ce in koma in gaya masa masu sayen rigar sanyi ba da hanci suke nemanta ba, kuma ita ba tausayi ta ɓatar ba, rumfa ta ɓatar.

Amma akwai wata tambaya da ya yi mini wadda har yau take ci na. Ya ce shin ba ta da 'yan'uwa masu ido ne. A nan take na ba shi amsa, na ce tana da su, amma ba mu muka kira makaɗa muka yi mata alkawari ba. Amsar ta yi daɗi a baki. Gaskiyar kuwa, Nthenya, na ga sanarwar nan tun rana ta biyu. Na gan ta da idona, da hatiminta shuɗi. Kin tuna yadda ta tsinka ni a ƙofar coci bara don na karanta mata takardar likita ba ta roƙe ni ba, ta ce duk wanda ya sake yi mata karatu ta daina cin abincinsa? Na ce a raina tunda ta iya, ta ji da kanta. Rabi girmama ta nake yi, rabi kuma fushi ne ban huce ba. Ni da nake kwana cikin littattafai, bai zo mini ba ko sau ɗaya in tambayi kaina ko waya tana karanta hoto.

Kwamitin sauraron koke ya zauna ranar Alhamis da ta wuce. Kafin nan Yaya ta bi ta ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa ta gano ba ita kaɗai ba ce, su bakwai ne, makafi huɗu da tsofaffi uku da idonsu ya yi rauni. Na kwana biyu ina shirya mata jawabi mai shafi huɗu. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ya yi kyau, in ajiye wa ɗalibaina. In kin ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Da aka kira sunanta, ta ɗora wayar a tsakiyar tebur, ta ƙure murya, ta buɗe shafinsu, ta fara jan yatsa. Hoto. Hoto. Hoto. Da farko wani kansila ya yi dariya. Wajen na goma sha biyar ba mai motsi. A na ashirin shugabar kwamitin ta ce sun fahimta, ya isa haka. Yaya ta ce ita wata biyar ta yi tana saurara, ranku ya daɗe za su iya jure minti biyar. Sai da ta kai arba'in da uku. Nzioka, Allah ya yi masa albarka duk da gyaɗar, ya miƙe ba a kira shi ba, ya ce gyaran bai fi aikin yamma ɗaya ba, a sa kalmomin a sama, hoton mai hatimi a ƙasa. Sakatare ya ce to wa zai tabbatar kalmomin na gwamnati ne. Shugabar ta ce masa in shafin gwamnati bai isa shaida ba, a gaya mata don me aka yi biki.

Matar da ƙuri'a ta ba rumfar Yaya ma ta zo. Kanini sunanta, takalman 'yan makaranta take sayarwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta uku. Ta riga ta yi fenti ta kafa katakai. Na shiga ɗakin da niyyar tsanarta, na fito ban samu inda zan kama ba. Ba ta zalunci kowa ba, ta karanta sanarwa ta bi layi.

Jiya da safe ina ƙauye ina naɗe wa Yaya zare, ta buɗe shafin kamar kullum, sai muka ji wayar ta kama magana. Cikakkiyar jimla, da kwanan wata da komai. Ta ce kwamiti ya amince a ba mutum bakwai ɗin rumfuna, amma ƙuri'ar da aka yi ta zauna. Wayua Mutinda, lamba hamsin da takwas, layi na uku, ciki. Sanarwa ta farko ke nan da Yaya ta ji da kunnenta daga wannan hukuma, kuma ita ce ta gaya mata ta rasa bakin ƙofa. Sau uku ta maimaita ta. Ni na jefar da zaren na miƙe ina zagaye tsakar gida, ina cewa kotu za mu, har kajin Mama suka watse. A cikin wannan zafin ne na faɗa mata na ga sanarwar farko ban gaya mata ba. Ta ajiye wayar. Sannan ta ce da na gaya mata da ta tsira da rumfarta, sauran shida kuwa da har yanzu suna jikin bayan gida ko suna gida, wayar kuma tana nan tana cewa hoto. Ta ce ni ba gwamnati ba ce, in daina ɗora wa kaina rawanin da ba nawa ba, in ɗauki zaren da na yar kafin ya kwashi ƙasa. Maganar kotu kuma ta kashe ta, ta ce ba za ta fitar da marayu uku daga rumfa don ta shiga ba.

Ita ta huce, ni ban huce ba. Sati huɗu ya rage a koma makaranta, kuma abin da ta samu a Janairu shi ke riƙe ta rabin shekara. Kanini ta aiko cewa duk wanda ya sayi takalmi za ta nuna masa hanyar rigar sanyi. Na gode mata, amma mai ciniki a ranar cunkoso ba ta da hannun nuna hanya. Na tambayi Yaya in iyayen yara ba su same ta ba fa. Ta ce ai jiya da yamma ta je ta ƙirga, taku sittin da huɗu ne daga ƙofa, a karya kwana sau biyu, in makauniya ta same shi masu ido ba su da hujja. Yau da safe na je na bi da kaina, da idona biyu da tabarau. Na wuce kwana ta biyu ban gan ta ba, sai da na tambaya.

Ranar Litinin za mu kai keken. Ki kira ta ranar Lahadi bayan coci, amma don Allah kada ki yi mata jaje, za ta kashe wayar. Ki tambaye ta kalar zaren da makarantu suka zaɓa bana, ki bar ta ta yi mita.

Ki gaida Kimanthi da kyau, ki ce Mama na tambayar yaushe zai zo ya ci muthokoi, dafaffen masara da waken nan namu, ya daina ramewa. Ki shafa mini kan Mumo da Ndanu, a ce wa Ndanu littattafan da na yi mata alkawari suna nan na ɗaure su. Mama na gaishe ku, Kawu Kilonzo da Inna Syokau ma haka, da maigidana Musembi, wanda ya ce in gaya miki ya gaji da cin abincin da aka dafa cikin fushi. Ubangiji ya kiyaye ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki Kalekye