Kansila, Ka Zo Ka Faɗa wa Idi Direba Kai Ka Ba Ni Tawadar

Zuwa ga Mai Girma Kansilan mazaɓarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Honarabul, wai kana ina ne? Sau uku ina zuwa sabon gidanka na Takur, sau uku mai gadi yana ce min ka tafi Kano. Na ukun ma ina tsaye ina kallon takalmanka a bakin falo. To tunda ƙafa ta kasa samunka, bari takarda ta same ka. Wannan zan kai a buga min ita da inji kwafi biyu, ɗaya in ba masu jaridar Hausa, ɗaya a manna a bakin kasuwa kowa ya karanta. Ka yi haƙuri da rubutun, ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma ban ƙarasa ba.

Ni ce Uwani mai ɗanwake ta layin kududdufi, wadda kake ce wa Iya in kana neman abu. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ya jikin Hajiya mahaifiyarka? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganata a kan auren Bilki ce, matar Idi direba, maƙwabciyata ta katanga ɗaya. Saki ɗaya ne a kanta. Tana gidan iyayenta a Taura, ta yi tsarki biyu, saura ɗaya. In na ukun ya zo idda ta cika, shi ke nan, ga 'ya'ya huɗu. Kuma kai ka san dalili.

Na ɗaya. Ba gori nake maka ba, amma ka tuna zamanin soja, lokacin zaɓen layi, da ake tsayawa a bayan hoton mutum a ƙirga kawuna. Wa ya bi gida gida yana roƙon maza su bar matansu su fito? Ni ce. Mijina ya rasu, ba mai hana ni fita, shi ya sa kuka ɗora min. Muka tsaya a rana tun hantsi, da goyo da komai, kowa yana ganin bayan wanda muka tsaya. Ka faɗi a wancan karon, amma ba wadda ta ce ba ta san ka ba. Da farar hula suka dawo muka sake fitowa, ka ci.

Na biyu. Kududdufin nan ka san shi. Tun da aka mai da Dutse babban birni masu gini suka yi ta ɗibar ƙasa a bayan gidajenmu, suka bar mana rami. Duk damina sai ya cika ya zo yana lasar gindin katanga. Maza da safe sun fice, mu ne a gida, mu ke jin ƙasa tana zubewa cikin ruwa, tim, tim. Bara banɗakin Bilki ya tafi gaba ɗaya, Allah ya sa ba kowa a ciki. Na zo ofishinka na faɗa maka. Abin da ka ce min ban manta ko kalma ɗaya ba: "Iya, na sama ba sa jin baki, takarda suke ji. Ki kawo min hannun mata, ni zan kai da kaina, ba wanda zai gani sai mai sa hannu." Ka jawo durowa, ka ɗauko 'yar gwangwanin tawadar dangwale, ka miƙo min. Har ka ce in dawo maka da ita, ta ofis ce.

Na uku, nan ne nawa laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Tawadar nan ba ta fita da sabulu, duk wanda ya taɓa yin zaɓe ya sani. Matan suka ce su fa ba za su koma gida da shuɗin yatsa ba, miji ya ga tambaya. Sai muka yi dabara. Ana bikin 'yar Sa'a mai kitso, ranar ƙunshi kowa ta fito da izinin mijinta. Na shimfiɗa takarda a kan faifai a ƙuryar ɗaki, mace ta dangwala, ta fito tsakar gida a ƙunsa mata lalle a kan yatsan. Kafin magariba yatsu sun yi jajawur har da baƙi-baƙi, ba ka ce an taɓa tawada ba. Mata ashirin da bakwai. Muna ta dariya, wai mun fi maza wayo.

To amma a layinmu Bilki uku ne, Hadiza huɗu. In ka ce Bilki sai an ce wace. Mu kuwa ba mu san wani sunan uba a bakin juna ba, da miji ake gane mace. Sai na rubuta yadda muke faɗa: Bilki matar Idi direba, Hadiza matar mai nama, Hadiza ta gidan Malam Tela. Na ɓoye yatsun mata da lalle, na kwashe sunayen maza na zuba a takarda da hannuna. Wallahi sai daga baya na gane abin da na yi. Amma ai kai mai boko ne, ka karanta a gabana, ka ce ta yi kyau.

Na huɗu. Sati biyu da ba ka takarda, sai ga ta a hannun mai unguwa. Bayan la'asar, maza ba su watse daga ƙofar masallaci ba, ya tsaya ya karanta ta suna bayan suna. Aka ce wai 'yan adawa ne suka ba mata atamfa don a kunyata gwamnati. Wace atamfa? A zo a buɗe akwatina. Aka ce kuma da na sama suka fusata suka kira ka, cewa ka yi kai ma tsintar takardar ka yi a kan teburinka, ba ka san wanda ya kitsa ba. Mutum uku suka faɗa min haka, kuma ba haɗa baki suka yi ba. In ƙarya suka yi maka, ga fili, fito ka ce ƙarya ne.

Gidaje da yawa an yi faɗa ranar, an huce. Na Bilki ne bai huce ba, don Idi motar wani babba a jam'iyyarku yake ja. Washegari ya je aiki, maigidansa ya karɓe makullin mota, ya ce ba zai ɗauki mutumin da gidansa ke yaƙar sa yana tuƙa shi ba. Ina tankaɗen garin ɗanwake na ji dawowarsa ta katanga. Bai doke ta ba, bai zage ta ba. Ya ce ta nuna masa hannunta, ya ce ya sake ta saki ɗaya, sai na ji kukanta. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin kansu ba sai ranar.

Na biyar. Dattawan kwamitin unguwa da aka kafa bayan an ƙaddamar da shari'a sun kira ni. Na zauna a zauren mai unguwa a bayan labule, suka ce ina fitar da matan aure ba izini, ina raba aure. Na ce ba wadda ta fita sai zuwa ƙunshi, a tambayi mazansu. Na ce ni fa ranar da aka ƙaddamar da shari'ar nan ina cikin matan da suka yi kabbara har murya ta dushe, ba wanda zai tsorata ni da ita. Sannan na tambaye su, a islamiyya an karantar da mu cewa mai saki ɗaya a ɗakinta take idda, to me ya sa da Bilki ta fito da ƙullin kayanta ta wuce ta gabansu ba wanda ya ce ta koma? Sai aka ce in kame bakina, an yi min gargaɗi na ƙarshe. Sunanka ban ambata ba ranar. Na ce bari in rufa maka asiri, za ka zo. Wata biyu ke nan da 'yan kwanaki.

Na aika wa Idi ta hannun Liman. Ya ce shi ba ya ƙin matarsa. Maigidansa ya ce in har Kansila ya faɗa da bakinsa cewa shi ya sa a yi takardar, to ba ta 'yan adawa ba ce, zai mayar masa da makulli. Idi kuma ya ce ranar da ya riƙe makulli ranar zai ce ya mai da ita. Ka ga ke nan auren yarinyar nan a kan harshenka yake. Yaran suna wajen ƙanwarsa, ƙaramar da aka yaye kwanan nan kullum sai ta leƙo gidana tana duba bayan ƙofa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ka je wajen maigidan Idi yau, ba gobe ba, don abin nan na mata ba ya jiran Honarabul ya dawo daga Kano. Ka tsaya a ƙofar masallacin da aka karanta sunayenmu, ka ce kai ka ba Uwani tawada. Gwangwanin tana nan a wajena, da tambarin ofis a gindinta, ban so ta kai mu ga nuna ta ba. Kududdufi kuma ga hadari ya fara haɗowa, amma shi na ma bar ka da Allah, a fara ceto auren.

Ba na yi maka baki, ɗa ne kai a wajena. Allah ya tsare ka, ya raya maka zuri'a, ya ba Hajiya lafiya, ya sa kujerar nan kar ta zame maka abin da-na-sani ranar da ba mai gadi a ƙofa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗar

Tsaya, ana buga ƙyaure. Muryar Malam Haruna ce, yayan Bilki, daga Taura. Na leƙa ta taga, da a-kori-kura suka zo, har da igiyoyi, ga mata biyu a baya. Makullin ɗakinta a hannuna ta bar shi. In kwasar kaya suka zo yi, ko dai tsarki na ukun ya zo, ko sun gaji da jiranka. Ni dai ba zan miƙa makullin nan ba sai na ji daga bakin ita Bilkin.