Sojojin Dalma a Ɗakin Jaririya

Leeds, Ingila
12 ga Nuwamba, 1989

Zuwa ga Yayana Malam Mati, Ƙarfi.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo da yara. An gama cirar auduga? Ni lafiya lau, 'yata Shafa'atu ta kusa gama wankan jego.

Sai dai wani abu ya hana ni sukuni. Mijinta yana da wasu 'yan sojojin dalma kamar ɗan yatsa, da hannunsa yake musu fenti. Yakan jera su a tebur su yi yaƙi da na abokansa, yana kuma karanta littattafansu, wai labarin yaƙin taurari da aljanu. Wasu har ƙaho gare su, Yaya, kuma a ɗakin jaririya suke.

Ka san surukuta, ba zan iya yi masa magana ba. Sai na tuna malaminmu na allo ya karantar da mu cewa surar mutum-mutumi in babu kai ba sura ba ce. Ran Talata yana fita na ɗauki filaya na cire kawunansu duka. Ban zubar ba, na ƙulle masa a hankici, kayan mutane ne.

Kwana biyar ke nan bai tayar da maganar ba. Yana gaishe ni har ƙasa, amma ya daina cin abincin gidan, idon Shafa'atu kuma a kumbure. Jiya ya sauko da akwatuna biyu, nawa da nata. Ina tsoron gida zai mayar da mu.

Don Allah ka rubuto masa da gaggawa, ka ba shi haƙuri. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Uwani