Ganyen da Ammi ta hana a sauke

Zuwa ga yayana, Lala Sarfaraz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Nasrin da yara, ya kuma sa albarka a zamanku na Maskat. Mu nan lafiya lau. Ammi tana fama da gwiwa kamar kullum, amma bakin nan nata ko gezau.

Lala, ka tuna lokacin da sanyi ke ƙaratowa Ammi ta kora mu tudu da buhuna mu kwaso busasshen ganyen bishiyar cir, siraran nan masu kama da tsintsiya? Kai ke hawa tsani kana cusa shi tsakanin kwano da silin, ni ina miƙo maka, kana ce mini raguwa. Ko ƙanƙara ta rufe ƙofa, ɗakinmu da ɗumi, ga ƙamshin nan da har yau in na ji shi sai Abba ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Tun tafiyarka ba a ƙara ko tafi ɗaya ba, ba a kuma rage ba.

To bana bazara ta zo da zafi, wutar daji ta ci tudun da ke hayin rafi. Gidan su Gulnaz, ƙawata ta makaranta, ya ƙone ƙurmus, alhali wutar ba ta ma isa shingensu ba. Iska ce ta ɗauko tartsatsi. Sun tsira da rai, alhamdulillahi, amma wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Na kira Kawu Mushtak, tunda shi ya yi mana rufin, ya duba. Ya sha shayi, ya ɗaga kai daga tsakar gida, ya ce rufin da ya buga da hannunsa sai dai ya ga bayanmu. Ka san ba zai kushe aikinsa ba, balle ya ɓata wa yayarsa Ammi rai. Mai sayar da kwano kuma ya ce a yaye duka a sayi sabo, a wurinsa mana. Sai na ɗauko wani mai duba gidaje daga garin Abbottabad, wanda ba danginmu ba ne, ba ya kuma sayar da ko ƙusa. Bawan Allah ya hau har ciki, ya fito kamar an tono shi. Ya ce kwanon lafiyarsa ƙalau. A janye itacen girki da ciyawar saniya daga jikin bango, a sa raga a kafofin iska. Amma ganyen nan, ya ce tartsatsi ɗaya ya ishe shi, kuma daidai saman gadon Ammi ya fi yawa.

Itace da ciyawa mun janye, raga an sa. Ganye kuwa, Ammi ta ce atafau. Wai yaron da ko gemun kirki bai tara ba zai koya mata zaman gidanta? Na yi lallashi, na yi kuka, ta ce in share hancina in ba ta wuri. Da maigidana Tanwir ya jingina tsani, sandarta ta ɗaga masa, ta ce ya sauko tun tana ganin mutuncinsa. Na ce ta dawo gidana kafin damina ta sauka, ta ce a ɗakin nan ta haife mu, ba inda za ta.

Jiya ina shafa mata mai a gwiwa, hayaƙi na tashi bayan tudu, na sake tambayarta dalili. Ta daɗe tana kallon silin. Sannan ta ce ba ta ce kar a sauke ba, amma hannunka ne ya jera shi, kuma shi kaɗai ne abin da ka bari a gidan nan. Wanda ya hau da shi, shi zai zo ya sauke.

Lala, tsoro nake ji. Kuɗi da waya ba za su yi wannan aikin ba, kuma damina da sauran nisa.

Ka gaida Nasrin, da Hurain da ƙaninta Zarar. Kawu Mushtak yana gaishe ka, ko da yake fushi yake da ni. Tsanin yana nan jingine inda Tanwir ya bar shi, Ammi ta hana a ɗauke.

Ƙanwarka,
Shagufta