Takalman Baba Suna Bakin Ƙofa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Inna da sauran mutanen gida ƙalau suke, sai dai Baba yana kwance a asibiti.

Ka tuna karen da ka bar masa, wanda kullum yake faɗan bai ga amfaninsa ba, alhali shi ke ɓoye masa ƙashi? Da damina ta sauka karen ya daina cin abinci, idanunsa suka yi rawaya, yana ta fitsari a lungun bayan ɗakin ajiya inda ruwa ke kwanciya. Ka san Baba da tsarki. Ya ce ba zai taka najasa da takalman masallacinsa ba, sai ya tuɓe su a bakin ƙofa, ya shiga da tsintsiya haka nan, ga faso ya tsattsaga masa dunduniya. Na yi magana, ya ce tun ba a haife ni ba yake taka ruwa.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Muka ɗauka na sauro ne. Da idanunsa suka rine, Inna ta jiƙa maganin shawara. Sai da fitsarinsa ya ɗauke muka kai shi asibiti. Likita ta ce ƙwayar cuta ce ta fitsarin ɓera, kare ya ɗauka, ta bi ta fason ta taɓa ƙodarsa. Ta ce kyanwa ma kan ɗauka, kuma da mun zo da wuri da abin ya zo da sauƙi. Wallahi maganar nan tana cin raina.

Karen ya mutu. Duk sanda Baba ya farfaɗo sai ya tambaya ko an ba shi abinci, wai amanarka ce. Ban iya gaya masa ba. Auta, kada ka aiko saƙo, kai yake son gani. Takalmansa suna nan inda ya tuɓe su, Inna ta hana kowa ɗauka, ta ce mai su zai dawo ya sa. Ka taho tun yana gane mutane.

Ka gaida maiɗakinka da yara, da Kawu idan kun haɗu.

Taka,
Yayarka