Ungulun Kukar Bayan Gida

Daren Laraba, Maigatari.

Jikata Hadiza ta dawo daga makaranta da labari, wai sau biyar halittu suna ƙarewa a duniya, har da wasu ƙattin ƙadangaru. Na ce, "Tafi can, mai wuyan ungulu, malaminku ya fi ni iya tatsuniya!"

Ta ce, "Kaka, yaya ungulu take?"

Nan dariyata ta ɗauke. Da, a mayankar kasuwa sai an kori ungulaye da sanda. Ni ce na nuna wa masu neman magani sheƙarsu a kukar bayan gida, saboda kallabi ɗaya. Kallabin ma ya yage tuni.

Ta tambaye ni ina suka tafi, na ce Nijar. Allah ka yafe mini, wai gobe in raka ta ta gani.