Atamfa Mai Zangarniya

Kura,
Watan Rajab.

Aminiyata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan da yara, ya zaman Ikko da zafinta? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An sako ruwa a kanal ɗin noman rani, tumatir ya yi kyau bana, alkama ma ta fara fitar da kai. Bilya direba ne zai kawo miki wannan takarda tare da kwandunan tumatir. Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Gidan nan ko'ina kunne ne, kuma maganar ba ta waya ba ce.

An sa ranar Mudassiru, ƙanin nan nawa da muke karɓa-karɓar goyonsa ni da ke. Yarinyar 'yar Bunkure ce, sunanta Nafisat, tana koyarwa a wata firamare a can. Kafin azumi za a ɗaura. Ki taya ni murna, don ni na kasa yin ta yadda ya kamata.

Kin san tun rasuwar Iya, ko hula Mudassiru bai taɓa saya ba sai na gani na ce ta yi. Ni na gano shadda mai maiƙo ce ke karɓarsa, mai duhu, ruwan makuba ko shuɗi, saboda dogo ne, kafaɗarsa tana son tufa mai tsayawa da kanta. Duk Sallah shi zai kawo yadi, ni zan zaɓi zaren aiki. To ranar Juma'a sai ga shi ya shigo gaishe ni cikin wani yadi mai laushi, ruwan toka mai haske, wuyan ba aiki sai ɗan siririn zare. Na tambaye shi wa ya yi masa wannan aika-aika. Ya yi dariya ya ce Nafisat ce. Wai ta ce shadda tana mai da shi kamar mai neman kansila, kuma mutumin da ke wuni a bakin injin casar shinkafa ya fi bukatar abin da iska ke ratsawa.

Sa'adiyya, abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadin ya karɓe shi. Na duba ta gaba, na sa shi ya juya na duba ta baya, ina neman aibu ko guda. Sai dai na ce hannun rigar ya yi tsawo. Bai yi ba.

Haɗa lefe kuwa a wuyana ya faɗo, tunda ni ce a matsayin uwa. Na je Bunkure na ga yarinyar. Siririya ce, wankan tarwaɗa, ba ta da tsawo sosai, maganarta a hankali. Irin jikin da ƙananan zane da ƙyalle mai zubowa ke so. Ta durƙusa har ƙasa ta ce min Yaya. Ban sami abin ƙi a gaisuwar ba, shi ma na nema.

Da na shiga kasuwar Kwari sai da na ɗaga wata atamfa mai manyan ƙwarya-ƙwarya, ja da baƙi, wadda na san in ta ɗaura ba za a ga mutum ba sai zane yana tafiya. Na daɗe ina riƙe da ita. Daga baya na ajiye. Ni da na haɗa lefen rabin unguwarmu, ba zan yarda a buɗe akwati a Bunkure a ce Mairama ba ta da ido ba. Na zaɓo mata masu ƙananan furanni, da leshi mara nauyi, da mayafai masu laushi. Duk za su yi mata kyau. Ina zaɓa ina jin haushin haka.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Mairama.

Kura,
Farkon Sha'aban.

Aminiyata Sa'adiyya,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin ƙaramar, ta warware daga murar? Allah Ya ƙara sauƙi. Na sami saƙonki a bakin Bilya, wai in bar yaro ya yi aurensa. Ai ban hana shi ba.

Kin tuna atamfar Iya mai zangarniya? Mai ruwan madara ɗin nan da ƙananan zangarniyoyi koraye, wadda take ɗaurawa in za ta suna ko gaisuwar mara lafiya. Da ta rasu dangi suka yi rabon kayanta, ban ma san hannun wanda ta faɗa ba. Na sha nemanta a kasuwa, ana ce min an daina buga ta.

To Mudassiru ya je birni sayen kayan injin, ya biya ta Kwari, ya gan ta a wani shago. Turmi ɗaya ya rage. Ya shigo min da leda yana haki kamar yaro ya tsinci tsuntsu, ya ce, "Yaya, rufe idonki." Na rufe, na miƙa hannu biyu. Da na buɗe na ga zangarniyar nan sai na ji ƙamshin ɗakin Iya, har da turaren wutarta. Na rungume turmin a ƙirjina. Na buɗe baki zan yi masa godiya ke nan sai ya ce in sa ta a saman akwatin farko, don ita yake so dangin Nafisat su fara gani.

Na ce to.

Ki gaya min, Sa'adiyya, wace ce ta wanke atamfar nan ta shanya a igiyar gidanmu? Wace ce ta kai ta bugu? Yarinyar nan ko hoton Iya sai a wayar Mudassiru ta gani. Ni ce na yi jinya, ni ce na riƙe yaron, amma da ya ga zanen uwarmu ba fuskata ce ta faɗo masa a rai ba.

Ranar kai lefe, kafin mata su taru, na cire ta na sa wata mai ruwan hoda a gurbinta. Muka tafi Bunkure a motoci, aka shimfiɗa tabarmi, gwaggon amarya tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana guɗa. Wata tsohuwa ta ce wanda ya haɗa lefen nan ya san jikin 'yarsu kamar shi ya haife ta. Aka ba mu tukwici, muka ci, muka dawo. Da Mudassiru ya tambaye ni ko sun yaba, na ce sun yaba komai. Ban yi ƙarya ba.

Washegari na kai turmin wurin Iyatu mai ɗinki, na ce ta yanka min riga da zani da ɗankwali. Ta ɗaga ta kusa da fuskata, ta ce ba irin zanen da na saba ba ne. Na ce ɗinki na kawo, ba shawara na zo nema ba. Ina tsaye ta sa almakashi.

Kada ki yi min wa'azi a amsarki. Tawa ce, ko ba a ba ni ba.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Taki,
Mairama.

Kura,
Tsakiyar Sha'aban.

Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da iyali. Mu ma da sauƙi, sai dai raina a jagule yake.

Ɗinki ya dawo. Na tura yara makaranta, na rufe ƙofa, na sa, na tsaya gaban madubi. Kin san ni: baƙa ce, doguwa, mai jiki, kamannin Baba na ɗauko. Ni manyan zane ke karɓa, da launi mai ƙarfi, da atamfa mai tauri. Abin da na gani a madubi kamar an lulluɓe randa da labulen taga. Ruwan madarar ya dusashe min fuska, zangarniyoyin suka ɓace a faɗin jikina kamar an watsa gero a fili. Na canza ɗauri, na ƙara sarƙa, na ɗora mayafi kore. Ba abin da ya gyaru. Da wata ce ta zo min a haka, da tun daga ƙofa zan ce ta koma ta sake.

A nan na tuna abin da na daɗe da sani: Iya siririya ce, wankan tarwaɗa, ba ta da tsawo sosai. Ba sai na ƙarasa miki ba.

Sai kuma ga wata. Kin san yanzu alkama ta yi ido, tsuntsaye sun sauko, kowa yana ja igiya a gona yana ɗaura ƙyallaye don iska ta kaɗa su ta kore su. Ragowar yanke-yanken Iyatu duk mijinta ke kwashewa don haka, kuma gonarsa tana iyaka da ta Mudassiru. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Mudassiru ya je ban ruwa, ya ɗaga kai, ya ga zangarniyar Iya tana filfilwa a kan igiya.

Ya shigo ina tankaɗe. Ya gaishe ni kamar kullum, ya ajiye ƙyallen a kan murfin kwanon da nake ajiye masa ɗumame, ya fita. Bai buɗe kwanon ba. Tun ranar bai sake karyawa a gidan nan ba. A masallaci yake gaisawa da maigidana ya wuce.

Daga bakin ƙanwar Iyatu, maƙwabciyar su Nafisat a Bunkure, na ji sauran. Ashe tun ranar lefe yake tambayar Nafisat a waya ko ta ga mai zangarniya, ita kuma tana ce masa kayan da yawa, ba ta gama dubawa ba. Ta gama, Sa'adiyya. Wace amarya ce ke kwana ba ta san abin da ke cikin akwatinta ba? Ta gane, ta rufa min asiri. Da ta kai ƙarata da na san yadda zan yi da ita. Yanzu har kirkin ma ta riga ni.

Na aika Kwari, an ce babu, ba a kuma san ranar da za ta sake shigowa ba. Kuma kin sani, abin da almakashi ya taɓa ba ya komawa akwatin lefe. Biki ya matso. Ina tsoron a ɗaura auren yaron da na rena ina zaune a gefe kamar 'yar gayya.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Mairama.

Kura,
Ƙarshen Sha'aban.

Aminiyata Sa'adiyya,

Sallama irin ta masoya. Ya gida, ya shirin tafiya? Bilya ya ce da kanki za ki zo biki. Allah Ya kawo ki lafiya, ɗakinki yana nan na share.

Iyatu ce ta ce min babban ɗinki ana iya rage shi, ƙarami ne ba ya ƙaruwa. Na naɗe kayan, na ɗauke ta da abin awonta, muka hau Keke Napep zuwa Bunkure. Duk hanya ina haɗa abin da zan faɗa. Da muka shiga ɗakin Nafisat na ajiye ledar a gabanta, sai kawai na ce, "Taki ce. Na yanka." Ta ce, "Yaya, ai kin rage min wahalar neman tela." Ko ɗaga ido ba ta yi ba balle in ga abin da ke ciki.

Ta sa rigar, ta nutse a ciki kamar ta shiga buhu, har mu uku muka yi dariya. Iyatu ta dinga kamawa da allura ta gefe da gefe. Da ta gama, Nafisat ta juya za ta ɗauko madubi a bayan ƙofa. Na ga bayanta, da yadda zanin ya zauna a ƙugunta, da 'yar tafiyar nan irin ta Iya. Na ce zan sha iska, na fita tsakar gida na tsaya wajen turken awakinsu har idona ya bushe.

Da za mu tafi sai ta miƙo min ɗankwalin. Ta ce ita mayafi za ta yafa, kuma abin da za a rage a rigar ya ishe ta ɗaurin kai. Wai in gwada shi a kan doguwar riga koriya mai duhu marar zane, don ƙaramin zane in ya yi yawa a jikina ne yake ɓacewa, amma kaɗan a kusa da fuska zai haska ni. Kin ji yarinya, ni za ta koya wa sa kaya. Da na dawo gida na gwada don in tabbatar ba ta san abin da take faɗa ba. Ya yi kyau, Sa'adiyya. Ya yi kyau ƙwarai.

Shekaranjiya da safe Mudassiru ya shigo, ya zauna, ya jawo kwanon ɗumamensa ya buɗe. Bai ta da maganar ba, ni ma haka. Da ya cinye sai ya fito da huluna biyu daga aljihu, ya ce wacce za ta hau da kayan ɗaurin aure. Na juya su a haske, na nuna mai ruwan toka da ratsin baƙi. Ya yi murmushi ya ce, "Ita ma ita ta ce." Wato sai da ya fara biyawa ta can. Na ce to ai sai ya tashi ya ba ni wuri.

Ranar walima za ta sa mai zangarniya, ni kuma zan ɗaura ɗankwalin. Ga abin da nake roƙonki, don ke kaɗai ce zan iya roƙa. In ta fito mata suka fara guɗa, ki matso kusa da ni ki raɗa min a kunne cewa ba ta karɓe ta ba. Na san ƙarya ce, ke ma kin sani. Ki dai faɗa.

Ki taho min da turaren nan na wancan karon. A gaida maigidan da yara.

Taki har kullum,
Mairama.